Ranar da Torika Ta Juya Ratu Semesa

Shekara ashirin da uku Sista Torika ta yi a sashen tiyata na maza, a asibitin nan na tsibirin Vanua Levu da ke kallon gonakin rake. Gajeriya ce, ga baki, ga ɗan madubi a aljihu wanda ba ta taɓa duba fuskarta da shi ba. Dugadugan majinyata take leƙawa. In manya suka zo daga Suva, babban birnin ƙasar, suna yabon sabon fenti, sai ta ce, "Ku bar bango, ku ɗaga zanin gado. A bayan mara lafiya ake gane asibiti."

Ba banza ba. Mahaifinta ya fito daga tiyata lafiya lau, aka bar shi kwance ba mai juya shi, har gyambon kwanciya ya ci shi zuwa ƙashi. Gyambon ne ya yi ajalinsa. Tun daga nan duk wanda ya hau gadonta, kowace awa biyu sai an juya shi, ko yana godiya ko yana zagi.

Wata Litinin ta dawo daga hutu ta tarar an kawo Ratu Semesa, tsohon basarake, an yi masa aiki a ƙugu. Kwana biyu yana rigingine. 'Yan'uwansa sun shimfiɗa masa tabarmar girma mai kaushi a kan katifa, ƙananan nas-nas kuwa duk 'yan ƙasarsa ne, sai dai su durƙusa su miƙa magani su ja baya. Wa zai kama jikin Ratu ya mirgina?

Torika ta zura madubinta ƙarƙashin dugadugansa. Sun yi jajir. Ta san bayan ya fi haka, kuma kwana ɗaya nan gaba fata za ta buɗe.

'Yarsa, Adi Kelera, ta tare ta. "Sista, a yi haƙuri. Ba a taɓa Baba."

"Gyambo zai taɓa shi, kuma shi ba ya sallama," in ji Torika. "'Yan wane ƙauye ne ku?"

Da aka faɗa mata, sai ta riƙe ƙugu. Ƙauyensu da nata tauvu ne, abokan wasa tun kakanni, waɗanda ko tukunyarka suka ɗauke a kan wuta sai dai ka yi dariya.

"Ashe kai ne, tau, abokin wasana," ta ce da tsohon. "Na ce wannan lalaci ba na baƙo ba ne. Ku dama ko kifi sai ya biyo ku gida."

Ratu ya buɗe ido ɗaya.

"Wa ya bar 'yar ɓarayin rogo ta shigo nan?"

"Yau bayanka na zo sata. Riƙe wuyana."

Ya riƙe, yana dariya har yana cije baki don zafin ɗinki. Ta zare tabarmar ta rataya a kan gado inda kowa zai gan ta, ta tokare shi da filo, ta kuma kafa doka: duk nas ɗin da za ta juya shi, a ɗauka da hannun Torika take juyawa, don haka ba ta karya al'ada ba. Adi Kelera ma a kwana na uku ta koyi kama kafaɗa.

Ranar sallama Torika ta duba shi daga ƙeya har diddige. Ko ƙwarzane babu. A bakin ƙofa tsohon ya tsaya a kan sandarsa ya ce wa mutanensa, "Daga yau duk wanda ya kwanta ciwo a ƙasata a riƙa juya shi, ko ni ne."

Daɗi ya cika ta, mahaifinta kuma ya faɗo mata a rai. Ta shige ɗakin ajiye zannuwa ta yi kukanta, sannan ta ciro madubin ta gyara fuska. Lokacin juya mai gado na shida ya yi.