Zauren da Ya Ɓata Foto

Mahaifinmu ya gina gidanmu na Magaria lokacin da gyaɗa ke da daraja. Wajen wani nasara mai sayen gyaɗa ya ga samfurin, ya ce shi ma sai irinsa: dogon gini na siminti, shafaffen rufi, baranda mai faɗi, tagogin gilashi tun daga ƙugu har sama. Sai da aka tare ya lura gidan ba shi da zaure. Baƙo na yin sallama zai hango Inna tana tankaɗe. Mutanen gari, da ba su raina abin magana, suka sa masa suna gidan tsirara. Da kunya ta ishi Baba, ya sa aka kwaɓa ƙasa aka yi zaure a gaba, aka toshe rabin tagogin da tubali. A zauren nan aka raɗa mana suna dukanmu, a nan kuma aka yi zaman makokinsa.

Inna ba ta taɓa roƙonmu komai ba sai abu guda: in ta mutu, a karɓi gaisuwarta inda aka karɓi ta mijinta.

Ana nan sai ga babban yayanmu daga Yamai, shi da wani dillali da ya sha turare. Dillalin ya zagaya yana shafa bango kamar mai taya saniya. Wai irin wannan gini na zamanin samun mulkin kai manya ke nema ido rufe, ga iska, ga haske. Abin da muka girma ana yi mana dariya a kansa, yau shi ne ado.

"Amma wannan tarkacen na gaba ya ɓata foto," in ji dillalin, yana nuna zauren da baki.

Na ja Yaya gefe. "Yaya, Inna fa tana da rai."

"Kai dai ba ka san zamani ba. In an saida, sai a gina mata wani a Bande, kusa da danginta."

Na yi faɗa har muryata ta dushe, amma sauran 'yan'uwa sun riga sun ji ƙamshin rabo. Aka rushe zauren, aka buɗe tagogin. Inna na zaune a baranda, masu amalanke na wucewa suna leƙe, ta ja mayafi ta rufe fuska. Gidan ya yi kyau a foto, ba zan yi ƙarya ba, kuma wannan kyaun ne ya fi ƙona mini rai.

Wani babban ma'aikaci ya saya, ya kulle, ya sa mai gadi. Da damina Inna ta rasu a ɗakin haya a Bande, gidan da aka yi mata alkawari ko tushe ba a haƙa ba. A bakin hanya muka shimfiɗa tabarmi. Tsofaffin unguwarmu da suka ji rasuwar suka dogara sanduna zuwa tsohon gidan, don can suka sani. Mai gadin ya leƙo ta ƙofar ƙarfe, ya ce musu nan ba a yi mutuwa ba.