Almustafa mai raba wa na'urori aiki

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma ba tatsuniya ba ce, mai ita yana nan da ransa.

Shekara goma sha huɗu ina suyar ƙosai a ƙofar biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya a Tanout, kuma kullum kafin mai ya yi zafi ma'aikacinsu Almustafa ya iso. Sai ya goge farantan sola, ya shiga ɗakin na'urorinsa. Manya uku ne ke riƙe da sunayen makiyaya. Ƙaramar ta huɗu kuwa, duk wanda ya shigo ta salula, ita ke zaɓa masa wadda za ta saurare shi. Na tambaye shi aikinta ya fi sau goma, ran nan ya ce, "Kaka, kwami uku ne a bakin rijiya, ita ce mai kora dabbobi." Na ce yawwa, yanzu ka yi Hausa.

Bara da rani ya tsananta, aka ce kowa ya sa sunansa ta salula a ba shi dusa, za a rufe da la'asar ranar kasuwar Belbeji. Ƙawata Fadimata, mijinta ya rasu ya bar mata awaki tara, biyu har sun kasa tashi. Tun hantsi take dannawa a kasuwar, abu sai juyawa yake, sunan ya ƙi shiga. Ta kira ni: "Mailafiya, in aka rufe ban shiga ba, na rasa su."

Na bar kasko na leƙa ɗakin. "Angona, kai ka ci ƙosai, awakin Fadimata su ci me?"

"Tsohuwa, ƙosanki na ƙonewa. Bari in duba."

Ashe baƙin da suka zo daga birni gyara sun saita ƙaramar ne, duk masu shigowa ta hanya ɗaya ta kai su na'ura ɗaya. Can birni kowa da hanyarsa. Mu kuwa kasuwa kaf ta eriyar salula guda take shigowa. Ɗaya na nishi, biyu na hutawa! Ya sauya mata umurni: wanda ya zo, a miƙa shi ga wadda ta fi ƙarancin mutane. Ya kuma sa ta riƙa tambayarsu, kina nan? Wadda ta yi shiru a tsallake ta. Ana kiran azahar Fadimata ta kira, ta rangaɗa mini guɗa a kunne, sunanta ya shiga.

Kai ne, Almustafa, makiyayin da garkensa ba ya kuka. Ba wanda ya san sunanka a kasuwar nan, don ka hana su dalilin nemanka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu tasowa, kafin ku taɓa na'ura, ku fara sanin yadda mutanen wurin ke rayuwa, kamar shi.

Watan jiya ya ajiye aiki, ya koma gonar geronsa a Gangara. Abokiyar aikinsa Radiya ce ke riƙe da ɗakin. Akuyar Fadimata ɗaya ta mutu, takwas sun ga damina.