Kujerar da Nake Ɗaurawa

Aikina a masana'antar motoci ta Birmingham ɗaura kujeru ne, amma ban taɓa zama a kan ko ɗaya ba. Ƙanen matata injiniya ne a can, kamfani ya ba shi sabuwar mota. Wata Juma'a ya tsaya a gabana.

"Yaya, bar bas ɗin nan, shigo mu je masallaci."

Na kakkaɓe wandona, na zauna a kan irin kujerar da nake ɗaurawa. Laushin kujerar ya ɓata mini rai. Duk hanya ina istigfari, ina tsoron kada hassadata ta jawo masa hatsari. Da muka isa na ce, "Allah ya sa a kashe lafiya." Bayan salla na sulale na hau bas.