Kitsen Saniyar Ƙarshe

Jiya jikata ta soya kitse a tsakar gida. Ƙamshin na shigo mini ɗaki sai gabana ya faɗi, da tsufana da komai. Zauna in gaya maka dalili.

Mahaifina mahauci ne a Mafara, haka ubansa da kakansa. A lokacin, Nasara bai zo ƙasar nan ba tukuna. Sai annoba ta faɗa wa shanu, daga Bakura har Maradun ba ka ganin komai a sama sai angulaye. Rumfar Baba ta mutu, tukunyarmu ta fara kwana a kife. Gwaggona ta Bakura ta aiko cewa in abin ya faskara a kai mata ni riƙo. Ni kuwa na sani, yarinyar da aka kai riƙo ba ta dawowa ɗakin uwarta.

Baba ya ɗan koyi surfani wurin kawunsa tun yana yaro. Ya share zaurenmu, ya shimfiɗa tabarma, ya nemo allura, ya ce daga yau shi mai ɗinkin ado ne. Abokansa mahauta in za su wuce sai su leƙo suna dariya: "Sarkin fawa, yau wace riga za a feɗe?"

Ranar da aka yi ruwan fari wani saurayi Bafillace ya yi sallama. Daga wajen Dosara yake, dogo, idanunsa kamar na barewar da ta rasa uwa. Garkensu ya ƙare ƙaf, amma budurwarsa ta ce ko babu saniya shi take so. Ya ajiye farar riga da zaren tsamiya, gadon ubansa, ya ce, "Baffa, ita ke nan gare ni. A yi mata ado, da ita zan yi aure."

Na ji Inna tana ce wa Baba in rigar nan ta yi kyau wasu za su biyo baya, ni kuma in zauna a gida. In rigar ta ɓaci, sai Bakura.

Hannun Baba duk kanta ne, zaren sai maƙalewa yake yi. Masu wannan sana'a kakin zuma suke goga wa zare. Shi kuwa abin da ya saba yi wa igiya ya yi, ya shafa masa kitse, ɗan ragowar da Inna ke ɓoyewa a ƙoƙo don faso, na saniyar ƙarshe da ya yanka. Zare ya yi santsi. Gero na tashi a gona, adon ƙirjin rigar na fitowa kamar fure, ni kuma kullum sai na leƙa zaure ina addu'a.

Ana gab da biki, wata safiya muka ji salatin Inna. Ɓera ya bi ƙamshin kitse ya cinye tsakiyar adon, huda kamar tafin hannu. Inna ta wanke zannuwana ta ƙulle a ƙunshi, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba. Ko kaza ta gifta ƙofa sai in ce angon ne.

Baba ya sa maho, ya rufe shi da ɗinki mai kauri, wannan karon da busasshen zare, har yatsunsa suka tsage. Aka wanke rigar, amma ƙamshin ya ƙi fita.

Ango ya zo. Aka gaisa, aka tambayi damina da mutanen ruga, gaisuwar ta ƙi ƙarewa, ina laɓe bayan zana. Baba ya nuna masa mahon, bai ɓoye komai ba. Saurayin ya ɗaga rigar ya kai hanci.

"Baffa, wanga ba kitsen rago ba ne."

"Na saniya ne," in ji Baba. "Ta ƙarshe."

Sai ya tusa fuskarsa cikin rigar, kafaɗunsa na girgiza. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja, ya yi murmushi ya ce, "Ashe har ɓera yana kewar shanu. Baffa, kada a ƙara wanke ta."

Kafin azahar Inna ta kwance ƙunshina.

Yau shanu sun cika kasuwa, jikokin Baba da keke suke ɗinki a zauren nan, riga a yini guda. Duk wadda suka gama nakan ce a miƙo mini in shinshina. Warin man keke kawai nake ji.