Ranar da Ta Hana a Kira Ɗana Audi

Jiya ina jajjage rediyo ya ambaci shekarar da yaƙin Libya ya ɓarke, sai marigayiya maƙwabciyata ta faɗo mini a rai, tsohuwar nan 'yar Kumasi mai ƙamshin kanumfari.

A shekarar na haihu. Maigidana yana can Libya wurin aiki, wayarsa ta daina shiga. Mu kuma a nan ƙasar Turawa, ƙaramar hukuma ta rufe zauren taronmu na unguwar Handsworth, sai muka cunkushe a falona ranar suna. Tuwo har ya huce, kowa ido na kan talabijin, ba komai sai hayaƙi da harbi. Can wata baƙuwa ta sassauta murya: "Allah sarki, ko Audi za a ce masa?" Sunan yaron da ubansa ya rasu bai gan shi ba ke nan. Na ƙanƙame jaririna.

Tsohuwa ta dogara sandarta, ta je ta fizge wayar talabijin daga bango. "Ke, kin ga gawa ne? To ba a gidan nan ba. 'Yata, ba shi nono."

Sai da yaron ya fara zama ubansa ya dawo, a rame. Ita ta fara rangaɗa guɗa.

Allah, yadda ta tsaya mini ranar, Ka tsaya mata.