Dirkokin da Suka Yi Ganye

Shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Yaya Falmata makwancinta a bayan ganuwar Haɗeja, Allah Ya jiƙanta. Ni ne ƙanenta Garba, wanda 'yan kasuwa suka sani da dillancin kaba da tabarma. Ba ɗabi'ata ba ce dogon zance a kan mamaci, addu'a ta fi masa amfani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana shi ne, kwanan baya na shiga gidanta na ji wata daga cikin masu saƙa tana gaya wa baƙuwa wai ceɗiyoyin da ke ƙuryar gidan tsuntsaye ne suka kawo irinsu suka tsiro. Ni na ɗauko itatuwan nan a bayan jaki. Bari in faɗi yadda aka yi tun ina da sauran numfashi.

Mijinta Mamman masunci ne. Zazzaɓi ya kama shi a ƙarshen sanyi, bai tashi ba. Ya bar ta da yara biyu ƙanana, Hadiza da Umaru, da gidan da shi da ƙanensa Bukar suka gada a wurin ubansu, ba a taɓa rabawa ba. Bukar yana noma da kiwo a Birniwa. Da ya zo ta'aziyya, bayan an yi sadakar bakwai, ya zaunar da ni a zaure gaban dattawa ya faɗi abin da ya yanke. Idan ta fita takaba zai tafi da yaran Birniwa, don a cewarsa macen da ba ta da gona ba ta da komar kamun kifi ba za ta iya ciyar da marayu ba. Filin da ke ƙuryar gidan kuma zai sayar wa maƙwabci, mai neman wurin da fatake za su riƙa ɗaure jakuna.

Ba zan ce Bukar mugu ba ne. Ya duba abin ne kamar yadda ni ma nakan duba kaya a kasuwa. Na ce masa ai Yaya ta iya saƙar tabarma, ni kuma sayar da ita ne aikina, abin da kawai ya rage a yi mata inuwa a filin nan. Sai ya ɗaga yatsa.

"Ba a gini a filin da ba a raba ba. Ko tubali ɗaya aka aza, gaban mai unguwa za mu."

Wanda bai san kaba ba zai ce mene ne na damuwa da inuwa. Ganyen goriba ne, sai an jiƙa shi yake lanƙwasuwa. Idan rana ta buge shi ya bushe a hannun mai saƙa, sai ya riƙa karyewa. A cikin ɗaki kuwa ga duhu ga zafi, mutum biyu ba za su miƙe ƙafa ba balle su baza aiki. Ga bazara ta kawo kai, gidan kuma ko bishiya ɗaya babu. In babu inuwa babu tabarma, in babu tabarma maganar Bukar ta tabbata, yara sun tafi.

Na shiga na gaya mata. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu, Umaru yana barci a cinyarta. Ni da farko azara na yi niyyar saya, a yi mata ɗan soro mai buɗaɗɗen gaba. Da maganar Bukar ta rushe wannan shawarar, na ce to a samo busasshiyar ƙirya wadda gara ba ta ci, a kafa rumfa, in ya so a yi rigimar daga baya. Ta ce duk abin da aka kafa busasshe, Bukar zai kira shi gini, kuma dattawa za su ba shi gaskiya. Sai ta sa na maimaita mata maganarsa daki-daki.

"Gini ya ce?"

"Gini ya ce, Yaya."

"Bai ce dashe ba?"

Na ce bai ce ba. Ta tuna mini da ƙauyen mahaifiyarmu a wajen Kirikasamma, inda muna yara aka kafa turken akuya da ɗanyen reshen ceɗiya, kafin shekara ta zagayo turken ya fitar da ganye. Ta ce in je can in saro mata rassa huɗu ɗanyu, masu kaurin taɓarya, kowanne da baki biyu a sama kamar dirkar rumfa. Na ce mata ɗanyen itace lanƙwashewa yake yi, kuma ban taɓa jin dashen da ya kama a tsakiyar bazara ba. Ta ce ruwan da ake jiƙa kaba kullum ina yake zuwa? Ai zubar da shi ake yi. To ta samo masa wurin zuwa.

Ni mutum ne da ba na sayen abin da ban gwada ba, kuma wannan ban gwada shi ba. Amma ba ni da shawarar da ta fi tata, sai na kora jakuna na tafi. Na zaɓi rassa miƙaƙƙu marasa tabo, na shafe gindin kowanne da taɓon bakin kogi, na naɗe da tsohuwar tabarma jiƙaƙƙiya don kada su bushe a hanya. Da na shigo ƙofar gari abokan kasuwa suka samu abin dariya. Wani ya tambaye ni ko na koma dillancin itacen da ba ya kama wuta. Na ce masa ya bari kasuwarsa ta buɗe tukuna.

Tana takaba, ba namijin da zai shiga gidan sai ni. Don haka magina ba su ga aikin nan ba, ni da matan maƙwabta muka yi shi, ita tana tsaye tana nuni. Ni na so a kafa a tsakiyar fili. Ta ce a matsa jikin katangar yamma, rumfa ta tare rana da hantsi zuwa azahar, katanga ta karɓa da la'asar. Matan suka haƙa ramuka da dagi har hannu yana nutsewa zuwa hamata. Ta sa aka zuba toka a ƙasa saboda gara, aka bi da taki. Dirkokin gabas ta sa aka nutsa su fiye da na yamma, don rufin ya sunkuyar da kai ta inda hadari yake tasowa.

A kan rufi muka fi yin gardama. Na kawo mata sabuwar zana mai kyau, saƙaƙƙiya tsam. Ta shafa ta, ta ce in mayar kasuwa. Zana mai matsi iska ba ta ratsa ta, ɗauke ta take yi kamar faifai, ta tumɓuke dirkoki ta tafi da su. Kuma ɗanyen itace ba ya son nauyi kafin ya yi saiwa. Sanduna sirara muka gicciya, muka shimfiɗa ganyen kabar da bai yi kyaun saƙa ba, sama-sama, haske yana ɗan leƙowa. Duk inda igiya za ta taɓa dirka sai ta sa tsumma a tsakani don kada ɓawon ya ji ciwo. Da aka gama, gaskiya ba ta burge ni ba. Da a kasuwa aka kawo mini ita ba zan taya ba.

Amma inuwa ta samu. Mata suka fara taruwa da kabarsu, masu tsagawa, masu saƙa, masu rini da karan dafi. Yaya ce take duba bakin kowace tabarma kafin ta fita, wadda ta ɗaga ta ga rana tana ratsa saƙarta sai a warware. Ni kuma ina kwasa ina kai wa fataken Barno da na Kano. Hatsi ya fara shiga gidan. Da yamma a ɗauki ƙoren ruwan jiƙo a raba wa dirkoki huɗu.

Su kuwa dirkokin shiru. Bazara ta yi nisa, takaba ta kusa ƙarewa, ko tsiro babu. Ɗaya ta gabas ma ɓawonta ya fara saɓewa. Kullum na shiga sai na kankara da farce in ga ko da sauran ɗanye. Yaya ta ce idan ban daina ba ni zan kashe su. Na lura ita ma takan ɗaga kai ta dube su idan ta zaci ba mai ganinta. Idan Bukar ya iso ya tarar da busassun itatuwa huɗu da rufi a kai, gini ne, ba mu da ta cewa.

Hadarin farko ya taso wata la'asar da iska mai ƙarfi. Rumfuna da dama a unguwar suka tashi, har da ta bakin shagona wadda na rufe da zanar nan da ta ƙi. Tata ganye kaɗan ta zubar. Bayan ruwan da 'yan kwanaki Hadiza ce ta fara gani, ƙananan tsiro jajaye a wuyan dirka. Kafin Bukar ya iso, uku sun yi ganye shar. Ta huɗun ta mutu.

Ya zo da mai unguwa da dattawa biyu. Mata suka shige ɗaki, Yaya ta zauna a bayan labulen ƙofa. Bukar ya nuna rumfa ya ce ga abin da ya hana a gaban shaidu, an yi. Mai unguwa ya tambaye ta me za ta ce.

"Ranka ya daɗe, a tambayar mini shi, a Birniwa gini yana fitar da ganye?"

Mai unguwa ya miƙa hannu ya tsinki ganye ɗaya, farin ruwa ya ɗigo masa a yatsa. Dattawan suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Bukar ya zagaya ya dafa dirkar da ta mutu ya ce, wannan fa?

"Wannan gini ne," in ji Yaya. "Ya cire abinsa."

A nan mai unguwa ya kasa riƙe tasa dariyar. Amma ba dariya ce ta yanke magana ba. Ya dubi tabarmin da ke jingine a katanga, ya sa aka buɗe masa rumbu ya ga gero, ya dubi yaran. Ya ce bai ga yunwa a gidan nan ba, don haka bai ga dalilin raba marayu da uwarsu ba. Itace mai rai kuma ba a sare shi don a ɗaure jaki. A rabo, ƙuryar gida ta faɗa cikin kason marayu, Bukar ya ɗauki gaba da zaure. Ranar na sake kora jakuna zuwa ƙauye na saro ta huɗu, ita kam ta kama nan da nan don damina ta sauka.

Yaya ta rayu shekaru masu yawa a ƙarƙashin inuwar nan, ta aurar da Hadiza, ta ga 'ya'yan Umaru. Tun kafin ta rasu aka daina yi wa rumfar rufi, rassa sun haɗu a sama sun ɗauke mana aikin. Shekarar da kogi ya cika ya shigo unguwa, katangar yamma ta zube, ɗakinta ma ya zube. Ceɗiyoyin ko gezau.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. Saƙa ta bunƙasa, yanzu Hadiza ce take riƙe da ita, kuma fatake da kansu suke neman tabarmar gidan. Wannan zai yi mata daɗi. Amma na san za ta ɗaga tabarmar wasu 'yan matan yanzu ta kalli rana ta cikinta, ta ce rini ya yi yawa, saƙa ta yi kaɗan. Za ta yi mamakin attajiran da suke sare bishiyar tsakar gida don su yi soro, sannan bazara ta kore su zuwa gindin bishiyar maƙwabta. Maganar tsuntsayen nan kuwa ina jin dariya kawai za ta yi. Ni ne abin ya tsaya wa a rai, ba ita ba. Ita yaranta take so su girma a gabanta, kuma sun girma.

Na yi dillanci tsawon raina, kaya masu kyau sun bi ta hannuna, ban san inda ko ɗaya yake ba yanzu. Abin da na ɗauko ina gunaguni, aka yi mini dariya a ƙofar gari, shi ne har gobe ake zama a ƙarƙashinsa.

Bukar yana nan da rai, ya tsufa kamar ni. Idan ya zo Haɗeja a gidan nan yake sauka, wurin Umaru, kuma ba ya zama a zauren da ya samu a rabo, ya ce zafi. Ƙuryar gida yake sa a shimfiɗa masa. Zuwansa na ƙarshe muna zaune tare, ya jingina da ɗaya daga cikin ceɗiyoyin, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce, "Allah Ya jiƙan Falmata. Ginin nan nata ya yi ƙarko."

Na ce amin. Sannan na ce masa dashe ne.