Baƙon da Na Fito da Shi Daga Daji

Ni ne mai shelar garinmu a zamanin yaƙin Jamus. Ƙauye ne tsakanin Birnin Gwari da Kakangi, dab da bakin daji. Aikin na gado ne: ubana ya bar mini kuge da murya, bai bar mini ko akuya ba. Idan saƙon Turawa ya biyo ta hannun manya ya iso wurin dagaci, ni nake tsayawa gindin tsamiya ran kasuwa, in buga kugen nan na ƙarfe, in faɗa wa jama'a. Ban taɓa tambayar ko abin da nake faɗa gaskiya ne ba. A ganina wannan ruwan manya ne, ni nawa buɗe baki. Da girmana na koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, kuma wannan labari ne ya fi ci mini rai in rubuta.

Da aka fara yaƙin, shelar da aka ba ni ita ce Faransa aminiyar Ingila ce. Ƙasar da ke arewa da Katsina, wadda muke kira Faransa ko da yake Hausawa ne cike da ita, ƙasar aminai ce. Na faɗa, ba wanda ya ko ɗaga kai, kowa gyaɗarsa ta dame shi. Damina ɗaya ta wuce sai labari ya sake. Aka ce Jamus ta murƙushe Faransa, Turawan da ke mulki can arewa sun rabu gida biyu, masu ƙarfin cikinsu sun juya wa Ingila baya. Fatake masu kawo kanwa suka zo da nasu bayani: sojoji na shiga gari su kwashe hatsi, su ƙone rumbun wanda ya ɓoye, a ɗaure samari da igiya a tafi da su, 'yan fashi kuma sun tare hanyoyi ba mai tsawata musu. Bayan wasu watanni saƙo ya biyo baya, cewa duk wanda ya gudo daga can, ko da soja ne, ya fito fili, ba za a mai da shi ba. Na buga kuge na faɗi wannan ma.

Akwai mutum guda da na san maganar ta shafa. Ina da amya a kan itatuwa wajen hanyar Dogon Dawa, kuma garin zagayen zuma na taɓa cin karo da shi a wata bukka bayan dutse. Bagobiri ne, zanen fuskarsa ya nuna, dogo, ramamme, bayansa duk tabon bulala. Sojan Faransa ne. Ya jefar da bindiga ya gudo ranar da aka umarce su su sa wa wani gari wuta, garin da uwarsa ta fito. Nakan kai masa gari da gishiri, ban gaya wa ko matata ba. Yana nan lafiya lau. Dajin nan namu ya sha ɓoye mutane tun zamanin harin bayi, kuma da na ƙyale shi, da ya ɓoye wannan ma.

Amma ina, shela ta hau mini kai. Na je na ce ya fito, an ba shi aminci. Ya ƙi. Na koma, ya sake ƙi. Ya ce ya zauna da Turawa ya san su, faɗansu na harshe da haƙori ne, a baki ɗaya suke kwana. Raina ya ɓaci, don ji na yi kamar ni yake ƙaryatawa. Ni mutum ne mai saurin zuciya, kuma ba na son a nuna mini an fi ni sani, balle wanda nake kai wa gishiri. Na ce masa in Bature bai ishe shi ba, ni na ishe shi, ni zan zama mai masaukinsa. Sai a lokacin ya yarda ya biyo ni gari.

A garinmu baƙo ba ya zama sai da mai masauki. Mutum zai kai shi gaban dagaci, ya dafa kafaɗarsa, ya ce wannan a wuyana yake. Daga ranar, in baƙon ya yi ɓarna kai za a tuhuma, in ya ɓace kai za a kama a madadinsa. Haka na yi, da sabuwar riga. Da Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi ya ji labarinsa, sai ya sa aka tsai da shi a tsakiyar kasuwa, aka ɗaga masa taguwa don mutane su ga aikin Faransa da idonsu. Masinja ya rubuta sunansa, ya rubuta nawa a gefe. Baƙona ya sunkuyar da kai har aka gama. Ni kuwa ranar sai washe baki nake, don an ba ni tabarma kusa da dagaci.

Damina biyu ya yi a gidana. Ya sari gona a bayan tawa, ya yashe mini rijiyar da ta shekara uku tana jiran in yi zuciya. Da rani yana tufkar igiya yana kai wa kasuwa. 'Ya'yana na kiransa Baffa. Ba shi da surutu, ni kuma surutu sana'ata ce, sai muka dace. Har an fara maganar aure tsakaninsa da wata bazawara mai sai da fura.

Wata safiya ran kasuwa dagaci ya aiko a kira ni. Bai dube ni ba, yana ta wasa da carbi. Ya ce Turawan arewa sun juyo, sun sake zama aminai. Ƙasarsu na tangal-tangal, kuma manya sun ce dole a tallafe su kada ta rushe ta shafe mu. Abin da suka fara roƙo shi ne a mai da musu sojojinsu da suka gudu, kuma ba a son a ɓata wa aboki rai a irin wannan lokaci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na yi shela cewa ba za a mai da kowa ba."

Ya ce, "Wancan saƙo ne, wannan ma saƙo ne. 'Yan doka sai jibi za su iso."

Ya maimaita jibin nan sau biyu, a hankali. Na gane nufinsa sarai. Kwana biyu ya ba mu, daji kuwa ga shi nan, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba.

Na je gindin tsamiya na buga kuge. Baƙona yana zaune kusa da mahauta da igiyoyinsa. Na faɗi saƙon ina kallon sama, amma ya ji, kowa ma ya ji. Mutane suka riƙa dubansa suna dubana, mai furar nan ta ɗauki ƙwaryarta ta bar kasuwa.

Bayan la'asar na same shi a zaure yana tufka kamar ba abin da ya faru. Na zauna. Sai ya ce, "Maigida, in na tahi, mi za a yi maka?"

Da na ce ba komai, da ya tafi. Da na ce ya tafi kawai, ni na san yadda zan yi, da ya tafi. Sai na zayyana masa duka: gidan yari a Zariya, wataƙila shekara, wataƙila fiye, a karɓe kuge, gona ta koma saura. Na kawo maganar tsohuwata da ba ta gani, na kawo maganar yara. Ba ƙarya na yi ba, amma na san dalilin da ya sa nake jero su, shi ma ya sani. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai. Ya saurara har na ƙare, ya ɗan jira ko akwai saura. Da ya ga babu, ya ce to shi ke nan, ya ci gaba da tufka.

Kwana biyun nan bai wuce ƙofar gida ba, ko masallaci sai ya jira ni mu tafi tare, don kada wani ya ce ya yi niyyar gudu. Matata ta daina yi mini magana. Kowa a garin ya san abin da Faransa ke yi wa sojan da ya jefar da bindiga, shi kuma ya fi kowa sani.

'Yan doka biyu suka iso da hantsi. Muka raka shi ƙofar dagaci. Kafin a sa masa ankwa ya roƙi a ba shi izinin magana, ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, a shaida na hita daga wuyan maigidana. Kada a taɓa shi." Dagaci ya ce an shaida. Suka bi hanyar arewa da shi, ban sake jin labarinsa ba. Abin da har yau na kasa yafe wa kaina shi ne, da na ji dagaci ya ce an shaida, sanyi na ji a raina.